Farin Yadin Maman Fada

Labari ya iso mini cewa a cikinku, 'yan'uwana fada-fada, har akwai masu kamun ƙafa wajen shugabanmu don a turo su nan idan na sauka, wai aikin hutu ne. Ba coci a wuyanka, ba ginin da ya tsaya a linta, ba kwamitin da zai tsare ka bayan sujada. Ka zauna a inuwar mangwaro a bayan GRA, samari su yi maka shara, kai kuma ka koya musu addu'a. To, madalla. Kafin ku fara rigima a kan wanda zai gaji ɗakina, bari in nuna muku kayan aikin, don kada gobe ku ce ba a faɗa muku ba.

Kujeru ne guda biyu, ɗaya taka, ɗaya ta yaron da kake horarwa. Wanda ya koya mini aikin wani tsohon Bature ne da mutanen gari suke kira Fada Dogo. Ranar da aka turo ni in zama mataimakinsa, na shigo da kwali cike da littattafai da takardar shaidar da na sha wuya kafin in samu. Ya duba su da girmamawa, ya ce in ajiye inda gara ba za ta ci ba, za su yi amfani, kuma sun yi. Sannan ya zaunar da ni a kujerar yaron, ya zauna a tasa, ya ce, "Yaya kake?" Na ce lafiya lau. Ya yi shiru. Na ƙara da cewa lafiya ƙalau, sai godiya. Ya sake yin shiru. Kafin shayinsa ya huce, na gaya masa abin da ko uwata ban taɓa gaya wa ba. Ya ce, "To, ka ga aikin. Sauran duk shara ce da buga ƙararrawa."

Gidan nan shi ne ƙofar farko. Yaro ya gama sakandare, ya ce yana da kira, yana so ya zama Fada ɗan mishan, a tura shi inda ba wanda ya gayyace shi, ya zauna ba mata ba 'ya'ya har tsufa. Kafin a kai shi babbar makarantar fada-fada, mu muke riƙe shi mu duba ko kiran nan nasa ne, ko kuwa aro ya yi. Masu jiran kayanmu kuwa da yawa. Shugaba yana son yawa. Masu taimaka mana daga waje suna son hoto, samari a durƙushe, ido a lumshe. Iyaye mata suna son Fada a gida. Mutanen ƙauyen da za a kai musu shi su zauna da shi shekara da shekaru, su dai ba wanda ya taɓa tambayarsu.

Masu laifi ba su da wuya. Wanda ya tsallake katanga, wanda ya ɓoye waya a cikin buhun masara, wanda ƙanwarsa take yawan zuwa ziyara alhali ba sa kama ko a kunne, duk waɗannan ko mai gadi zai gaya maka abin da za ka yi da su. Yaron kirki shi ne ke hana mai wannan sana'a cin tuwo.

Nawa yaron kirkin sunansa Ayuba. Uwarsa Saraya ce ta kawo shi, wata mai sayar da kayan miya a kasuwar Wunti, tana zaune a Yelwa. Ba ta tsaya a bakin ƙofa kamar sauran iyaye ba. Ta shigo har ofis, ta kama hannunsa ta sa a cikin nawa.

"Fada, ga amanar Allah," in ji ta. "Na binne waɗanda suka riga shi. Shi kuwa tun yana ciki na ba da shi."

Daga nan ta buɗe wata jaka ta fito da farin yadi, mai kauri, mai kyau, irin wanda ni kaina ban taɓa sawa ba. Ta ce na rigar da zai sa ne ranar da za a naɗa shi Fada, in sa masa albarka.

Na ce, "Mama, hanyar da nisa. Ana maganar kusan shekara goma."

Ta ce, "Yadi ba ya ruɓewa, Fada."

Na sa albarka. Mutumin da yake sa wa babur da akuya albarka ba shi da hujjar hana yadi. Daga baya na ji ashe tun ranar da takardar karɓarsa ta fito matan kasuwa suka daina kiranta Saraya, sai Maman Fada, kuma tana amsawa tun kafin a rufe baki.

Da ku ne kuka karɓi Ayuba, da kun rubuta wa shugaba cewa an samu waliyyi. Shi ne na farko a ɗakin addu'a, shi ne na ƙarshen fita. Yana durƙusa a kan siminti alhali ga abin durƙuso nan. Ba ya ƙara tuwo, ba ya musun ƙwallo, in aka taka shi shi ke ba da haƙuri. A gefensa kuwa akwai wani Markus, wanda da zarar an ce a yi shiru a yi tunani a kan maganar Allah sai ka ji minsharinsa, ga shi da faɗa a kan nama. Kowa ya san wanda zai kai da wanda zai koma gida.

Akwai wata Sista Rifkatu da take zuwa mana daga Jos lokaci-lokaci. Ta yi karatu mai zurfi a kan halayyar ɗan Adam, tana zama da kowane yaro shi kaɗai. Samarin suna tsoronta fiye da jarrabawa, don tana da wata irin tambaya mai kama da gaisuwa. Bayan ta zauna da Ayuba, ta same ni a barandar kicin.

"Fada, yaron nan ba shi da laifi ko ɗaya, abin da ya tsorata ni ke nan," in ji ta. "Na ce masa shayi zai sha ko kunu, ya ce duk wanda na ga dama. Na tambaye shi me ke ba shi haushi, ya roƙi in ba shi lokaci ya yi tunani. Ka taɓa jin ya ce a'a?"

Na ce ban taɓa ba.

"Dariyarsa fa?"

Na lalube kaina, ita ma ban taɓa ji ba.

Yanzu ga inda hutun naku zai fara. Ba a korar mutum don ba ya dariya. Kuma ba za ka kira shi ka ce masa ba shi da kira ba, don ba kai ne mai kiran ba. Da na ce masa, "Ayuba, haɗa kayanka," da ya ce, "To, Fada." Da na ce, "Ayuba, an haife ka don wannan riga," da ya ce, "To, Fada," ya durƙusa. Ko ta wane gefe, muryata ce za ta maye gurbin ta uwarsa, tasa kuwa har abada ba a ji ba. Irin wannan yaron zai bi ka har bagaden coci, a sa masa farar riga, a kai shi wata ƙasa, sannan wata rana a tsakiyar shekarunsa abin ya fashe, ko a kwalba, ko a kan mutanen da aka ba shi amana. Na ga irinsu, ba labari aka ba ni ba.

Sai na koma ga kujerun. Duk ranar zamanmu Ayuba zai shigo da ciwon kai. Mun kai shi asibiti, likita ya auna duk abin da ake aunawa, ya ce lafiyarsa ta fi tawa. Ruwa ba ya tsami banza, amma in na ce, "Yaya kake?" sai ya ce, "Cikin alherin Ubangiji, Fada." In na yi shiru, ya yi shiru. Shirun Fada Dogo da nake taƙama da shi ya gamu da gamonsa, don yaron nan ya fi ni iyawa.

Akwai wata al'ada ta gidan nan da na san wasunku suna shirin sokewa, wai ɓata lokaci ce. Kowace Alhamis mukan raba samarin a cikin gari, kowa wajen wani mai sana'a, wasu a Ƙofar Dumi, wasu a Gwallaga. Fada Dogo ne ya fara ta. Yakan ce wanda zai je ƙasar mutane ya fara koyon zama yaron wani. Doka ɗaya ce, ba wa'azi. Ka yi shara, a aike ka ka je, a sa kwano ka sa hannu, in maigida ya tashi sallar azahar ka tsare masa shago. Ayuba ya faɗa hannun Malam Sabo, mai gyaran janareto da injin ban ruwa a Gwallaga.

Wata Alhamis injin jan ruwanmu ya ƙi tashi, na sa aka ɗora mini shi a keke na nufi shagon da kaina. Tun kafin in sauka na jiyo wata dariya har da buga cinya, sannan wata murya ta ɗaga sama.

"A'a, maigida! Wallahi ba fulogi ba ne, kabireta ce. In ƙarya nake yi ka hana ni masar yau."

Na leƙa. Ayuba ne, baƙin mai har gwiwar hannu, yana nuna wa maigidansa sifana kamar zai tsone masa ido. Da ya hango ni, sai fuskar ta rufe kamar an ja ƙyauren shago. Ya mayar da hannuwa baya, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Barka da rana, Fada."

Bayan mun gaisa, Malam Sabo ya ce, "Fada, yaron nan naku hannunsa da albarka. Matsalarsa ɗaya, musu. Ba ya barin magana ta faɗi ƙasa."

Na ce, "Wannan ɗin?"

Ya ce, "Shi fa. Mun kusa sa masa suna lauya."

Na koma gida ina murna ina kuma baƙin ciki, don na ga yaron da aka kawo mini amanarsa, kuma ba a gidana yake zaune ba.

Abin da na yi ba ya cikin littafi, amma bai saɓa wa littafi ba. Na ɗauke kujerata daga ofis na kai ta rumfar janareto. Muna da wani tsohon inji da ya mutu tun zamanin Fada Dogo, na ce Ayuba ya gwada tashinsa, kuma nan za mu riƙa yin zamanmu. Shi yana kwance-kwance, ni ina zaune. Ban tambaye shi komai ba sai sunan ƙarafa. A makonnin nan na koyi kabireta fiye da yadda nake bukata a rayuwata. Ciwon kan bai biyo mu rumfar ba. Wata rana da hantsi, idonsa a kan injin, ya yi magana kamar da injin yake yi.

"Fada, mutumin da aka bayar da shi tun yana ciki, yana da bakin magana?"

Na ce, "Wa aka ba wa shi?"

"Allah."

"Kai a karatun da ka yi a gidan nan, ka ga inda Allah ya karɓi mutum ba tare da ya tambaye shi ba?"

Ya daɗe yana goge wani noti da ya riga ya goge. Nan ne wurin da mai wannan aiki yake cije harshensa, don amsar tana bakinka, tana ƙaiƙayi, kuma in ka furta ta ka ɓata aikin shekara.

"Ba na so, Fada," in ji shi. "Ban taɓa so ba. Ina son Allah, amma ba na son rigar." Sai hawaye, yana sharewa da bayan hannu yana shafa wa fuskarsa baƙin mai. "Mama za ta mutu."

Na ce, "Ba za ta mutu ba. Za ta so ta kashe ni, wannan kuwa yana cikin aikina."

Shekarar nan ita ce muguwar shekarata. Kamar an buɗe ƙofar keji, wannan ya tuna yana son aikin soja, wancan ya tuna ƙanwar nan tasa ba ƙanwarsa ba ce. Kafin kaka teburin cin abinci ya yi mana tsawo. Shugabanmu na lokacin ya zo da kansa, ya ƙi ko shan ruwa.

"Fada, gidan horo muka ba ka ko tashar mota?"

Abin da ya fi ƙona masa rai Ayuba ne, don hotonsa aka buga a kalandar da aka aika wa masu taimako, a durƙushe, hasken taga a kansa. Ya ce na sallami waliyyi na riƙe masa Markus mai barci. Na ce ban sallami kowa ba, tambaya kawai na yi, ita ma ban gama yi ba. Markus ɗin yau yana wani ƙauye can bayan iyaka, ya fi shekara goma sha, ya iya yarensu, ya binne matattunsu, sun ƙi yarda a ɗauke shi. An ce har yanzu yana gyangyaɗi a lokacin tunani.

Saura aiki mafi nauyi. A wasu gidajen, in yaro zai tafi sai a ba shi kuɗin mota da addu'a. Da yawansu ba sa isa gida, kunya takan karkatar da su Legas ko Abuja, a yi shekaru ba a ji ɗuriyarsu ba. Mu dokarmu ita ce, wanda ya karɓi yaro hannu da hannu, hannu da hannu zai mayar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ranar Asabar da safe na tuƙa shi zuwa Yelwa. Saraya tana tsakar gida tana tsince alayyafo. Da ta ga motar mishan sai ta miƙe tana gyara ɗaurin zane, tana kiran maƙwabta su zo su gaida Fada. Sannan ta ga akwatin a hannun Ayuba. Ta kori maƙwabtan da ido kawai, ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa gaisuwa cikakkiya, har da tambayar gajiya, kamar ba akwati a tsakaninmu.

"Me ya sata?" in ji ta.

"Bai saci komai ba, Mama."

"Mace ce?"

"Ba mace."

"Jarrabawa ya faɗi?"

"Shi ne na ɗaya."

Ta juya wajensa. "Ayuba, gaya mini gaskiya, ba mai taɓa ka. Fada ne ya kore ka, ko?"

Ƙofa ce ta buɗe masa, mai faɗi, kuma na riga na shirya ɗaukar laifin. Da ya ce e, da ta tsine mini ta rungume shi, kowa ya huta. Na kalli ƙasa.

"A'a, Mama," in ji shi. "Ni ne ba na so."

Ban taɓa jin alfahari da wani yaro kamar na wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin tausayin wata mace kamar yadda na ji nata ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, a hankali, "Na kai wa Allah kaya, an dawo mini da su kamar tumatirin da ya kwana. Gobe Lahadi. Wane suna zan amsa a gaban matan zumunta?" Na kama hannunsa na sa a cikin nata. Ba ta damƙe ba, amma ba ta janye ba. Ta kawo mini ruwa, ta jira na sha, ta karɓi kofin, ta raka ni har mota.

"Ka gaida gida, Fada. Ban ce Allah ya isa ba, amma ka sani na yi tunaninsa."

Shekaru suka bi. Duk ranar da aka gayyace ni taimako a cocinsu, in ta ga ni ne a layin da take na karɓar jibin Ubangiji, sai ta koma ɗaya layin, ko da ya kai bakin ƙofa. Matan kasuwa, da yake ba su da tausayi, suka ci gaba da kiranta Maman Fada har sai da Ayuba ya gama koyo wajen Malam Sabo ya buɗe nasa shagon, ya fara gyara musu injin markaɗe. Daga nan ta zama Maman Injiniya. An ce takan amsa, amma sai an kira sau biyu.

Ayuba ya yi aure, aka haifa masa ɗa namiji, ya zo da kansa ya roƙi in yi wa yaron baftisma. Ranar, da aka miƙo mini jaririn, sai na ga rigar da ke jikinsa. Farin yadi ne mai kauri, mai kyau, irin wanda har yau ban taɓa sawa ba. Bayan an gama, ina naɗe kayana, sai ga Saraya a gabana da jikanta a kafaɗa, karo na farko tun ranar kofin ruwa.

"Ka gane yadin, Fada?"

Na ce, "Na gane, Mama."

Zuciyata ta yi fari. Har na fara tsara wa'azi a kaina, yadda Allah yake karɓar alkawari ta hanyar da ba mu zata ba, yadda uwa ta saki abin da ta riƙe. Wa'azi ne mai kyau, da ya sa mata kuka. Sai ta matso ta rage murya.

"Kaɗan na yanka. Sauran yana akwati." Ta juyo mini da fuskar jaririn. "Wannan kuwa, Fada, kai dai dubi goshinsa."

Ayuba yana bayanta, ya ji. Ya ce, "A'a, Mama." Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Yaron yanzu ya kusa gama sakandare. Yana hidima a bagade, shi ne na farkon zuwa, shi ne na ƙarshen tafiya, kuma an ce ba a taɓa jin ya yi musu da kowa ba. Ko kiran nasa ne, ko na akwatin kakarsa ne, ban sani ba, kuma ba ni zan zauna in jira amsar ba. Gwiwoyina sun gaji. Kujerun suna nan, na sa an gyara ƙafar ta yaron da take rawa.

Makon jiya Saraya ta aiko mini da gaisuwa da ƙullin kuɓewa busasshiya, tana tambaya wai wane ne zai hau kujerata in na sauka. Na ba ta sunayenku duka.